Tambayoyin Masu Karatu: Me Ya Sa Mitata Ke Nuna 2.3 Maimakon 2.5?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai karatun lantarki, ina zaune a Tudun Wada, Kaduna. Ina haɗa na'urar da za ta riƙa daidaita gudun wata ƙaramar mota, wato injin lantarki mai juyawa, ta hanyar Arduino Uno, ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa umarni. Na sayi MCP4725 domin ya juya min lamba zuwa ƙarfin wuta, amma idan na aika masa 2048 ina sa ran bolt 2.5, sai mita ta nuna 2.3, kuma adadin yakan sauya idan na cire wayar USB ta allon daga kwamfuta na sa a caja. Shin jabu aka sayar min, ko in koma amfani da umarnin Arduino na analogWrite kawai?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗalibi. Ka kwantar da hankalinka, domin duk abin da ka bayyana alama ce ta cewa na'urarka lafiya lau take, kuma abin da aka ƙera ta ta yi shi take yi.

MCP4725, wanda kamfanin Microchip ke ƙerawa, yana da bit 12, wato matakai 4096 daga 0 zuwa 4095. Abin da ke shige wa mutane duhu shi ne lambar da kake aikawa ba ta nufin wani tsayayyen adadin bolt. Kaso ce daga cikin wutar da ke shiga ƙafarsa ta VDD, wato ƙafar da yake shan wuta ta cikinta, domin da ita yake auna komai. Ka ce masa 2048, wato ka ce ya ba ka rabi, shi kuwa ya ba ka rabin abin da ya samu. Ka ɗora mitarka a kan VDD da GND (ƙafar negatif) yayin da allon ke jone da kwamfuta, ina kyautata zaton za ka ga 4.6 ko kusa da haka, saboda wutar USB takan ragu a cikin doguwar waya marar kauri. Rabin 4.6 kuwa 2.3 ne daidai. Da ka koma caja wutar shiga ta sauya, shi ya sa ta fita ma ta bi sahu.

Gyara mafi sauƙi shi ne ka ba allon wuta ta zagayayyen ramin cajarsa, tsakanin bolt 7 zuwa 12, domin mai daidaita wutar da ke kan allon ya fitar da bolt 5 mai tsayawa wuri ɗaya, sannan ka liƙa kafasita mai 0.1 maikurofarad dab da ƙafar VDD. Kada motar ta sha wuta daga layin 5 ɗin nan, domin duk lokacin da ta ja da ƙarfi sai ma'aunin ya girgiza. Ka ba ta tata wutar daban, amma ka haɗa GND ɗinsu wuri guda. Idan kuwa aikin yana buƙatar daidaito na gaske, ni MCP4822 zan zaɓa maka, domin yana ɗauke da ma'aunin kansa na bolt 2.048, wanda za a iya ninkawa zuwa 4.096, ta yadda kowane mataki zai zama milibolt ɗaya cif. Sai dai shi ta hanyar sadarwa ta SPI yake magana da Arduino, ba ta I2C da ka saba a ƙafafun A4 da A5 ba.

Batun analogWrite kuwa, ban ba ka shawarar komawa ba idan abin da za ka jona yana son wuta mai santsi. A Uno wannan umarni kunnawa da kashewa yake yi kusan sau 490 a daƙiƙa a yawancin ƙafafunsa, mita ce kawai ke nuna maka matsakaici.

Akwai abin da ba ka tambaya ba, amma ya fi damuna, musamman a garin nan da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sallama. MCP4725 yana da 'yar ma'ajiya a cikinsa, kuma da zarar ya samu wuta zai fitar da lambar da ke ajiye a can tun kafin Arduino ya farka ya yi masa magana. Daga masana'anta rabin ma'auni aka ajiye masa, don haka motarka za ta iya zabura da rabin gudu alhali hannun wani yana kusa da ita. Ka rubuta 0 a ma'ajiyar sau ɗaya tak, sannan a cikin aikin yau da kullum ka riƙa aika lamba ba tare da ajiyewa ba, domin yawan rubutu yana gajiyar da ma'ajiyar, kuma yana jinkirta aikin. Ka gwada wannan ta hanyar zare wutar da mayar da ita, mita tana kan ƙafar fita, kafin ka jona motar.