Yadda kiristal na foton ke fito da hasken da ya maƙale a cikin sintileta

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a fannin na'urorin ɗaukar hoton asibiti. Na ji cewa idan aka yi wa fuskar sintileta wani ƙanƙanin zane da ake kira kiristal na foton, haskensa yana ƙaruwa sosai. Ta yaya zane zai ƙara haske? In kuma gaskiya ne, me ya hana a saka shi a duk injinan PET, masu ɗaukar hoton cikin jiki ta hanyar kama hasken gamma?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Zanen ba ya ƙirƙiro sabon haske. Hasken da aka riga aka samar ne yake buɗe wa hanyar fita, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

Sintileta dutse ne garau kamar gilashi wanda, idan hasken gamma ko eksire ya buge shi, sai ya fitar da ƙwayoyin haske dubbai, waɗanda ake kira foton. LYSO, wani nau'in sintileta wanda yawancin injinan PET na zamani ke amfani da shi, yana ba da foton wajen 30,000 a kowane MeV (ma'aunin ƙarfin hasken da ya buge shi), shuɗin haske mai tsawon zango kusan nanomita 420 (nanomita kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Matsalar tana wajen fitowa. Ma'aunin lanƙwasa haske na LYSO ya kai 1.82, na iska kuwa 1 ne. Saboda wannan tazara, duk hasken da ya iso fuskar dutsen a karkace fiye da digiri 33 ba zai fita ba, komawa ciki zai yi gaba ɗaya. In ka yi lissafi, kusan kashi 8 cikin ɗari ne kawai ke iya fita ta fuska ɗaya a zuwan farko. BGO, wani nau'in sintileta, ya fi muni: ma'auninsa 2.15, ƙofarsa ba ta kai digiri 28 ba. Sauran hasken sai ya yi ta kai da komowa a ciki, wani ya shanye, wani ya iso na'urar karɓa a makare.

Kiristal na foton, wanda Eli Yablonovitch da Sajeev John suka aza harsashinsa a 1987, tsari ne na ramuka ko ginshiƙai masu maimaita kansu a tazarar da ta yi daidai da zangon hasken, wato 'yan ɗaruruwan nanomita. Akan shimfiɗa siririn abu mai babban ma'auni, kamar silikon naitaraid ko titaniyam dayoksaid, a kan fuskar sintileta, sannan a huda shi. Hasken da ya iso a karkace, maimakon ya koma, sai jerin ramukan ya sauya masa alkibla, wani kaso nasa ya fita. Masu bincike a CERN, cibiyar binciken nukiliya ta Turai, ƙarƙashin Paul Lecoq, sun daɗe suna gwada wannan, kuma a 2022 wata tawaga ta jami'ar MIT da ke Amurka ta ba da rahoton ƙaruwar kusan ninki goma a gwajinta.

Sai dai duk lokacin da ka ga irin wannan adadi, ka tambaya da me aka kwatanta. Idan an gwada dutse tsirara a iska, ko an auna hasken da ke fita ta wata kusurwa ɗaya, ribar kan yi girma. A ainihin injin kuwa, an naɗe dutsen da farin Teflon ko wata takarda mai mayar da haske, an kuma manna shi da na'urar karɓa da wani mai wanda ma'auninsa ke kusa da 1.5. Wannan man kaɗai yana faɗaɗa ƙofar LYSO zuwa digiri 55. To, an riga an kwashe mafi yawan ribar da sauƙi, abin da zanen zai ƙara sai ya ragu ƙwarai. Ga kuma wani abu da ba a cika faɗa ba: zanen da ke fito da karkataccen haske yana mayar da wani ɓangare na miƙaƙƙen hasken da da zai fita lafiya.

Duk da haka ni ina ganin aikin ya cancanci wahalarsa, saboda lokaci. A PET ana kama foton gamma biyu masu ƙarfin keV 511 (keV kashi ɗaya ne cikin dubu na MeV), kuma bambancin lokacin isowarsu ne ke nuna inda suka taso: kuskuren pikosakan 100 (pikosakan kashi ɗaya ne cikin tiriliyan na daƙiƙa) daidai yake da santimita 1.5 a jikin majiyyaci. Hasken sintileta ne ke nuna lokacin isowar, don haka foton da ya fito daga dutsen a zuwan farko ya fi wanda ya gama yawo daraja nesa ba kusa ba. Hoto mai tsabta da ƙarancin maganin da ke fitar da radiyeshin a jikin mara lafiya, nan amfanin yake.

Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne ƙira. Zane da harbin ilektiron yana da kyau amma yana da jinkiri da tsada, ga shi injin PET guda yana ɗauke da ƙananan duwatsu dubun dubata. Shi ya sa aka karkata ga danna zanen da hatimi, ko jera ƙananan ƙwallayen folistarin (wani nau'in roba) su tsara kansu sannan a lulluɓe su. Waɗannan hanyoyi sun fi araha, amma samun zane marar aibi a kan kowane dutse, wanda kuma zai jure manni da shekarun aiki, shi ne ake fama da shi har yanzu.