Amsa ga ƙanwarmu da aka tura asibitin garin masu haƙar zinari

Wa alaikumus salam ƙanwata. Tun jiya na ga tambayarki na kasa wucewa. Kin ce takardarki ta fito, an tura ki wani asibiti a yammacin Zamfara inda kusan kowane gida ke da ɗa a ramin zinari, ga goyon wata tara a bayanki, maigida kuma ya ce ko ki nemi canji ko ki ajiye aikin. Kina son jin yadda aikin nas yake a irin wannan wuri daga bakin wadda ta yi. To na yi, na kuma daɗe a can, kuma abin da ke cin ranki yau shi ya hana ni barci lokacin da tawa takardar ta fito.

Masu ce miki ai asibiti asibiti ne, Allah Ya ba su haƙuri, ba su taɓa karɓar dutin dare a garin haƙa ba. A can rabin abin da za a kawo miki daga rami ya fito, ko daga ƙurar da aka kwaso daga ramin aka kai gida. In kuma abu ya lalace, ba mai ramin ake nema ba, ba mai sayen zinarin ba, ke da ke tsaye da farin kaya ake riƙewa.

Fara da gubar dalma, don ita ce ta shafi ɗanki. A 2010 ina cikin waɗanda suka ga abin da idonsu. Yara ƙanana ake ta kawowa da amai da jijjiga, wasu ido ya kafe, wuya ya sanƙare. Kowa ya ce sanƙarau ne ko maleriya mai taɓa ƙwaƙwalwa, tunda lokacin zafi ne. A yi allura, a sa ruwa, yaro ya tafi. Sai da ma'aikatan MSF, ƙungiyar likitocin agaji ta ƙasa da ƙasa, suka lura da yawan sabbin ƙananan kaburbura a ƙauyuka irin su Yargalma da Dareta, aka aika jini gwaji, sannan aka gane dalma ce. Dutsen da ake samun zinarin a cikinsa cike yake da ita. Farashin zinari ya tashi, maza suna kwaso dutsen su kawo gida, a niƙa da injin niƙan hatsi, mata su daka a turmin da suke daka dawa, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. A waɗancan ƙauyuka biyu, binciken da aka yi ya nuna kashi ɗaya cikin huɗu na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun rasu cikin shekara guda. Gaba ɗaya an rasa yara fiye da 400. Ƙauyen Bagega kuwa sai 2013 aka saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasarta, yara suna jira, don ba a fara ba yaro maganin fitar da dalma sai an share gidansu, in ba haka ba gidan jiya zai koma. A 2015 kuma abin ya sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Akwai ɗan injin auna yawan dalma a jini da ake amfani da shi lokacin, iyakar awonsa 65. In jini ya wuce haka ba ya ba da lamba, sai ya rubuta HI kawai, wato ya yi yawa. Ƙanwata, akwai ranakun da yaro bayan yaro abin da yake nunawa ke nan. Alhali daga 45 ake fara ba da DMSA, maganin fitar da dalma, kwana 19 ana sha. Don haka duk yaron da aka kawo miki yana jijjiga, ki gwada maleriya, ki yi masa abin da ya dace, amma kafin ki rufe kati ki tambayi uwar: ina babansa ke aiki, ana niƙa dutse a gidanku, a ina yake tuɓe kayan aikinsa? Ba za ta faɗa miki gaskiya a gaban mijin ko surukarta ba. Ki ja ta gefe. MSF sun miƙa aikin ga gwamnatin jiha a 2022, saboda haka tun ranar farko ki tambaya ina ake kai jinin gwaji yanzu kuma wa ke riƙe da maganin, kada sai yaro yana hannunki ki fara neman lamba.

Shi kuwa naki ɗan, wata tara lokacin rarrafe ne da kai komai baki, shi ne shekarun da gubar ta fi kamawa. Kafin ki kama haya ki tambayi maƙwabta, ba mai gidan ba, ko an taɓa niƙa dutse a ciki. Ki nemi ɗaki mai daɓen siminti, ki riƙa goge shi da jiƙaƙƙen tsumma, kada ki yi shara a bushe ƙura ta tashi. Takalmin aiki a waje. Kada ki ɗauke shi sai kin canza kaya kin wanke hannu. In kina da mahaifiya ko yaya da za ta riƙe shi a Gusau bayan yaye, wallahi ya fi. In kuma kika samu ciki a can ki nemi a gwada jininki, don dalma tana ratsawa ta kai ga ɗan tayi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba dalma ba ce, wani dare ne.

Kin san gwamnatin tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba ta ɗage ba sai ƙarshen 2024. Haramcin bai hana kowa shiga rami ba, ɓoyewa kawai aka koma yi, kuma mu muka sha wahalar ɓoyon, don ba a kawo wanda ya ji rauni sai dare ya raba, bayan an gama gwada mai ɗori. A irin wannan dare da damina, ni kaɗai ce nas a duti, sai wani dattijo mai shara, likita ya yi tafiya, janareta babu mai. Na ji babura sun tsaya. Rami ya rufta. Suka shigo da samari jina-jina da jar laka, biyu karaya ce da za a iya riƙewa har safe, amma akwai wani yaro da bai wuce shekara 15 ba, ƙasa ta danne shi daga ƙugu zuwa ƙasa tun la'asar. Yana magana ras, yana ce mini Anti ƙishirwa nake ji. Cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri. Da na sa masa robar fitsari, abin da ya fito kaɗan ne kuma baƙi wuluk. Duk wadda ta san aikinta a cikinmu ta san me wannan ke nufi: naman ya murƙushe, ƙoda na gab da tsayawa, yaron nan ba na asibitinmu ba ne, na Gusau ne ko Sakkwato.

Na sa masa ruwa hannu biyu, dattijon nan yana haska mini da fitilar wayata. Ledojin ruwan da ke kabad suka ƙare, na aika a taso mai kemis na saya da kuɗina. Sai ga mai ramin ya iso, Alhaji guda, shadda sai ƙyalli, ƙamshin turarensa ya cika ɗakin. Na ce Alhaji, don girman Allah a samo mota yanzu. Ya ce hanya ba kyau da dare. Na ce gaskiya ne, to a shirya ta tun yanzu, ana kiran assalatu a tashi, a kuma ba ni kuɗin mai in tada janareta. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke dai yi masa allura ya yi barci, kuma kada ki rubuta rami ne, ki ce katanga ce ta faɗa masa." Na ce abin da na gani shi zan rubuta. Ya zaro 'yan kuɗin da ba su kai na ledar ruwa uku ba ya jefa kan teburina, ya fita, ya kashe wayarsa. Mutumin da a sati guda yake sayar da zinarin da ya fi albashina na shekara. Na kira shi har cajin wayata ya kusa ƙarewa, ga shi da ita muke gani. Yaron ya riƙe mini hannun riga yana cewa a kira masa innarsa, su kuwa abokan aikinsa duk sun watse don tsoron jami'an tsaro, babu wanda ya san ƙauyensu sai mai ramin. Kafin a idar da sallar asuba Allah Ya karɓi abinSa.

Da hantsi sai ga dangi cike da mota. Ashe Alhajin da ba ya samun mota da dare ya samu da safe, ya je har gida ya ce musu yaro ƙafa kawai ya bugu, lafiyarsa ƙalau, wata nas ce ta yi masa allurar da ba daidai ba. Kawun yaron ya shaƙe mini wuyan riga a gaban marasa lafiya. Ban ga laifinsa ba har yau, abin da aka faɗa masa ke nan. Wanda na kasa yafe wa shi ne ogan da ke sama da ni. Ya san komai, ya ga littafi, amma da yake Alhajin ne ke zuba masa mai a mota, maimakon ya tsaya mini sai ya miƙo mini takardar tuhuma, wai in yi bayani cikin kwana ɗaya dalilin da ya sa ban tura mara lafiya gaba ba. Da me zan tura shi? A bayana zan goya shi? Na zauna a ɗakin canza kaya na yi kukan da ban yi ba ranar da mahaifina ya rasu. Har yau in na ji irin turaren mutumin nan a kasuwa sai cikina ya juya. Na bar shi da Allah, shi da ogan, akwai ranar da babu mai kashe waya.

Abin da ya fitar da ni rubutu ne. Na rubuta lokacin da aka kawo shi, awon jini da bugun zuciya duk bayan rabin awa, kowace leda da na sa, launin fitsari, lokacin da na nemi mota, wanda na nema da amsar da ya ba ni, dattijon nan kuma ya dangwala hannu. Shugabannin ƙungiyarmu ta nas-nas na jiha suka shigo da wannan littafin, magana ta mutu. Saboda haka ki rubuta, ƙanwata, ko hannunki na rawa ki rubuta, ki ɗauki hoton shafin da wayarki kafin ki miƙa duti, don shafi yana ɓacewa. Kada ki taɓa canza dalilin rauni don wani babba ya ce. Ki biya kuɗin ƙungiya, ki riƙe lambar shugaba.

Sauran abubuwan za ki saba. Samari majiya ƙarfi masu tarin da ba ya jin magani, ƙurar dutse ta cinye huhu, da yawansu kuma da tarin fuka a kai, don haka takunkuminki kada ya bar fuskarki, ki aika majina gwaji. Masu ƙona zaiba don ware zinari za su zo hannu na karkarwa, dasashi ya lalace. Tiramol kuwa kamar gyaɗa ake watsa shi kafin a shiga rami, shi ma yana sa jijjiga, kuma allurar kashe zafi ba ta cika kama su ba. Makullin kabad ɗin magani ya zauna a aljihunki, za a zo miki da kuɗi a ce ki sayar, da murmushi za a fara. Ga ciwon sanyi, ga ƙananan 'yan mata masu tallar abinci a bakin rami da ake kawowa da ciki, babu mai cewa nasa ne. Wannan ma wani ciwon ne da in na fara ba zan gama ba.

Ki kuma sani garin zinari tsada gare shi. Mai tumatir da farashin masu haƙa yake sayarwa, ke kuwa albashinki na jiha ne. Ki riƙa yo cefanen wata daga birni. Ni abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne waɗanda ke da uwa a gindin murhu ba a taɓa tura su irin wuraren nan, kullum 'ya'yan talakawa ne, sannan a zo ana mamakin yadda nas-nas ke tururuwar tafiya Saudiyya da Ingila.

Kin tambaya ki je ko kada ki je. Ni dai ba zan ce ki ajiye aiki ba, kuma ba zan ce ki saɓa wa maigida ba. Ku je tare da rana ya ga wurin, ku ga ɗakin kwana, ki tambaya mutum nawa ke dutin dare, akwai sola ko babu, akwai motar asibiti mai tashi ko ta ado ce. In aka ce ke kaɗai za ki riƙa kwana, ki rubuta ƙorafi tun kafin ki fara, ki ajiye kwafi. In an cika waɗannan, ki je. Hannuna a can ya faɗa, na koyi samun jijiyar jaririn da ya bushe a cikin duhu, kuma matan ƙauyukan nan in suka yarda da ke, sun yarda ke nan. Akwai wadda ɗanta ya tashi daga gubar nan, duk kaka sai ta aiko mini da gero har inda nake yanzu, ko da yake yaron bai taɓa iya karatu ba, kuma na ji shi ma ya fara shiga rami.

Sai maganar hanya. Kada ki yi tafiya bayan la'asar ko wa ya mutu, kada ki sa farin kaya a mota, katin aiki ki ɓoye shi cikin kayan ɗanki, don 'yan bindiga suna neman ma'aikatan lafiya su yi musu jinyar mutanensu a daji. In aka kawo miki mai harbin bindiga ki yi aikinki, kada ki yi tambayar da ba ta jinya ba, ki sanar da na sama da ke a rubuce. Ranar da za ki tafi gida kuma kada ki faɗa wa kowa sai kin isa.