An Soke Dokar, To Me Ya Rage?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce. Ina yawan jin ana cewa har yanzu wariyar launin fata na nan daram a Amurka da Afirka ta Kudu. To ba tuntuni aka soke dokokin ba? Ko dai baƙaƙen fata sun mai da ƙorafi sana'a ne?

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Tambayarki ta ƙarshe ta ɗan sosa mini rai, amma gara da kika faɗe ta a fili.

An soke, gaskiya ne. Amma mu dubi batun gidaje kawai. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin Amurka ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙaƙen fata jan launi, wai ba da bashin gida a can kasada ce. Bankuna suka juya musu baya. Sai a 1968 doka ta haramta nuna bambanci wajen sayar da gida ko ba da haya. Kafin nan Baturen da ya samu bashi mai sauƙi ya daɗe da shiga gidansa, gidan ya yi daraja, ya zama gadon 'ya'yansa. Shi kuwa ɗan'uwanmu takardun haya ya bari. Abin da ya fi ba ni haushi, a can kaso mai yawa na kuɗin makarantun gwamnati daga harajin gidajen yankin yake fitowa. Unguwa ta talauce, makarantarta ta bi ta. Ba wanda ya zagi yaron, amma an rage masa hanya tun yana aji ɗaya. Binciken babban bankin Amurka na 2022 ya nuna dukiyar iyalin farar fata ta ninka ta baƙar fata kusan sau shida.

Afirka ta Kudu ma haka. Dokar 1913 ta keɓe wa baƙaƙe kusan kashi 7 cikin ɗari na ƙasar, aka kai shi 13 a 1936. Zaɓen 1994 ya ba su ƙuri'a, bai mayar da gonaki ba.

Gyara fa? A 2012 Brazil ta ware rabin guraben jami'o'in tarayya ga 'yan makarantun gwamnati, da kaso na baƙaƙe da 'yan asalin ƙasar. Kotun ƙolin Amurka kuwa ta hana duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a 2023. Ni ina ganin guraben jami'a na da amfani, sai dai sun makara. Da ni ke rabon kuɗi, firamare zan fara kaiwa.