Amsa kan jirgin da ya dace da kamfanin araha a doguwar tafiya

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ce da kamfanin jirgi mai arahar tikiti zai soma dogon zango daga nan Katsina, irin su Jidda, Dubai ko Landan, wane jirgi ya kamata ya ɗauka, Boeing 787 ne, ko Airbus A330, ko kuwa 747 da muke gani lokacin jigilar alhazai. Sana'ata yankan tikiti da shirya tafiyar Umara, na kuma daɗe a cikinta, don haka ta ɓangaren fasinja da kuɗi zan duba maka.

A ganina babu ko ɗaya cikin ukun da zai fara da shi. Ƙaramin jirgi mai layin wucewa ɗaya ya fi masa, wato Airbus A321 mai dogon zango, samfurin da ake kira LR ko wanda ya fi shi nisa, XLR.

Dalilina shi ne kujera. Duk wanda ya taɓa zama a tasha ya san ƙaramar motar Daura kan cika ta tashi, ta je ta dawo, babbar bas tana nan ana kiran saura mutum goma. To shi jirgi ba ya jira, lokaci ya yi sai tashi, kuma kujerar da ta tafi babu kowa asara ce da ba a mayarwa. A watan azumi waya ba ta hutawa a ofishinmu, mutum zai ce ko nawa ne a samo masa kujera don goman ƙarshe. Amma bari alhazai su dawo a shiga Muharram da Safar, sai ka wuni ana tambayar farashi ana cewa za a dawo. Kamfanin da ya ɗauki jirgi mai kujera sama da 300 don ya ga cikowar azumi, da me zai cika shi sauran shekara?

Ba mu kaɗai abin ya shafa ba. Kamfanin Norwegian na ƙasar Norway ya yi ta ɗaukar mutane daga Turai zuwa Amurka da 787 a kan kuɗi kaɗan, amma bashi da matsalar inji da annobar korona suka taru, ya daina dogon zango a Janairun 2021. WOW air na ƙasar Iceland ya ƙaro A330, a Maris ɗin 2019 ya durƙushe. Waɗanda manyan jirage suka karɓe su, irin Scoot na Singafo da Cebu Pacific na Filifin, suna da fasinja rani da damina. Shi Cebu Pacific kujera 459 yake jerawa a cikin A330neo, wato sabon samfurin A330.

A321XLR kuwa, Airbus na cewa yana cin kilomita 8,700 ba tare da ya sauka shan mai ba, LR kuma wajen 7,400. Kamfanin Iberia na ƙasar Sifen ne ya fara aiki da XLR a Nuwamban 2024, dogon zangonsa na farko tsakanin Madrid da Boston. Daga nan zuwa Jidda bai kai kilomita 4,000 ba, Landan ƙasa da 5,000, Dubai ta ɗan haura haka. Ka ga duk yana kai su. Ranar da babu fasinjan waje a tura shi Legas ko Abuja, kuma matuƙan A320, ƙaramin ɗan'uwansa, za su tuƙa shi da ɗan ƙarin horo. Dama sirrin kamfanin araha ke nan, jirgi iri ɗaya da kayan gyara iri ɗaya, kamar yadda kamfanin Southwest na Amurka ya riƙe Boeing 737. A ƙasar da ake sayar da tikiti da naira amma haya, inshora da babban gyara duk da dala ake biya, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai akwai inda nake jin tsoro, kaya. Fasinjanmu kafin ya tambayi kuɗi, kilo nawa yake tambaya. Ka tsaya wajen sikeli a Jidda ranar dawowa ka gani: Hajiya ta durƙusa ta zuge jaka, tana fitar da darduma da dabino da jallabiyoyin jikoki tana cusawa a ta hannu, ga galan ɗin Zamzam mai lita 5 a gefe, tana roƙon ɗan rakiya ya karɓar mata kilo uku. Ba kwaɗayi ba ne, tsaraba hakki ce a wurinmu. Shi kuwa XLR, ƙarin tankin man da ke ba shi nisan a cikinsa yake, ya ci wani ɓangare na wurin kaya. Ga zafin Afrilu da Mayu da kan wuce digiri 40, iska ta rage kauri, jirgi ba ya iya tashi da nauyin da zai ɗauka da sanyin safiya. Kamfanin da ya kwaso tsarin Turai na kowace jaka da kuɗinta, ko ruwan sha sai ka saya, zai sha wuya da mutanenmu. Gara ya sa kuɗin jaka a cikin tikiti tun farko, ya kuma riƙa tashi da dare.

Shi ya sa nake cewa idan azumi da Hajji suka zo, ya yi hayar A330 da matuƙansa da ma'aikatansa na 'yan watanni, a gama ya mayar. Ko flynas na Saudiyya, wanda ke cikin masu jigilar alhazan Najeriya, da ƙananan A320 ya girma, sai a 2024 ya yi odar A330neo.

Shi 747 ya yi wa alhazanmu hidima, Max Air na Alhaji Dahiru Mangal ya daɗe yana aiki da shi, kuma wajen kwashe mutum ɗaruruwa a sawu ɗaya da wuya a samu kamarsa. Amma inji huɗu ne, shan mansa ba na kamfanin araha ba ne, Boeing ma ya miƙa na ƙarshe a Janairun 2023.

Idan kuma 'yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou kake nufi, tafiyar ta kusa kilomita 11,000, XLR ba zai kai ba. Nan sai 787 ko A350, kuma ban ga Katsina da Kano sun tara fasinjan da zai cika su kullum ba tukuna. Su dai su ci gaba da bi ta Addis Ababa ko Alƙahira.