Fatawa: Yarana sun shaƙu da karen gadi, zan iya tafiya da shi Ingila?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni likita ne a Gusau, gidana yana bakin gari ta hanyar Ƙaura Namoda. Shekara biyu ke nan na ajiye kare saboda rashin tsaro. Yanzu na samu aiki a Ingila, zan tafi da iyali, yara kuma sun shaƙu da shi, ƙaramar har ta daina cin abinci da ta ji za a bar shi. Uwargida ta ce ko mu tafi da shi, ko in mun isa mu sayi irin wanda ake cewa yana da haƙuri da yara, kamar Labrador. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa tafiyar ta zama alheri, Likita.

Ajiye karen da ka yi a Gusau babu laifi a cikinsa. Asalin hukuncin yana cikin hadisin da Buhari da Muslim suka rawaito, cewa wanda ya riƙi kare, in ba na farauta ko na kiwo ko na gona ba, za a riƙa rage masa ƙiraɗi ɗaya, wato wani ma'auni na lada, daga ladarsa kullum. A ruwayar Ibn Umar ƙiraɗi biyu. Gadin gida bai zo a cikin ukun nan ba, shi ya sa Ibn Abi Zaid ya hana ajiye kare a gidajen birni a cikin Risala, littafin fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan karatu a ƙasar nan. To amma masu sharhin Risalar sun kawo labarin shi kansa marubucin. Katangar gidansa a Ƙairawan, cikin Tunisiya ta yau, ta faɗi a zamanin tsoro, ya ajiye kare. Aka ce masa ai Malik ya ƙi wannan, sai ya ce da Malik ya riski zamaninmu, da zaki mai farauta zai ɗaure. Wanda ya kwana a bakin garin Gusau ko Tsafe a shekarun nan, yana kasa kunne ga ƙarar babur da tsakar dare, ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. Nawawi ma ya inganta halaccin karen gadi ta hanyar ƙiyasi da ukun da aka ambata.

Sai dai izinin ba a jikin karen yake ba, a jikin buƙatar yake, kuma hukunci yana tafiya ne tare da dalilinsa. Ka tambayi kanka abin da zai tsare a can. Gidan haya ne, ƙila ma a saman bene, babu garke, babu gona, babu katangar da za a hauro. Ranar da ya sauka daga jirgi ya tashi daga karen gadi ya koma karen sha'awa, kuma wannan shi ne ainihin wanda hadisin ya yi magana a kansa. Ga kuma wata: a nan yana kwana a bakin zaure, a can sanyi da ƙuncin wuri za su shigo da shi falo, inda za ku shimfiɗa darduma. Hadisin Abu Ɗalha ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Malamai sun yi saɓani kan ko wannan ya haɗa da karen da aka yi izini da shi. Haɗɗabi ya cire shi, Nawawi ya ce ya game duka. Amma wanda aka ajiye babu buƙata, su biyun sun haɗu a kansa.

Kada a ɗauka maganar najasa nake yi. A wurin Malik kare mai rai ba najasa ba ne, har yawunsa, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki ibada ce kawai. An rawaito shi yana cewa ana cin abin da ya farauto, to ta yaya za a ƙyamaci yawunsa? Shafi'i da Ahmad sun saɓa masa. Saboda haka yaran da suka shafa bayansa ba su yi wani abin da za a daka musu tsawa ba.

Batun sayen Labrador gajere ne. Sanyin halin kare ba ya canza hukunci, kuma hadisin Abu Mas'ud ya hana kuɗin kare. Sahnun, malamin Malikiyya da ya ce zai sayar da kare ya yi aikin hajji da kuɗin, karen da aka yi izini da shi yake nufi. Da a ce ɗayan yaran makaho ne da ke buƙatar karen jagora, da amsata ta bambanta.

Ko da ma babu hanin shari'a, hanyar ba sauƙi gare ta ba. Nijeriya ba ta cikin ƙasashen da Ingila ta sassauta wa. Sai an dasa wa karen ɗan ƙwayar shaida ƙarƙashin fata, a yi masa allurar ciwon haukan kare, a jira aƙalla kwana 30 a ɗebi jininsa a gwada, sannan a sake jiran wata 3. Wanda bai cika sharaɗi ba ana iya killace karensa har wata 4, shi zai biya. Ba don wulaƙanci suke haka ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum wajen 59,000 a shekara, kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kai likita ne, ka fi ni sani. Ni abin da na gani ne kawai: wani almajiri a ƙauyenmu, ɗan kwikwiyon da yake wasa da shi kullum ya cije shi a hannu, aka shafa toka aka ɗaure da tsumma. Bayan wata guda sai ga shi ana miƙa masa moɗar ruwa yana ja da baya yana kakari. Bai kwana uku ba. Tun daga nan nake faɗa wa masu karen gadi cewa allurarsa duk shekara tana cikin haƙƙin maƙwabta, kuma duk cizo ko yagi a wanke shi da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya asibiti.

To yaya za ka yi da shi? Kada ka buɗe ƙofa ka kore shi ya shiga bin juji. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba da labarin mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare da huffinsa, da matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare da yunwa. Wannan dabba ta yi maka gadi shekara biyu. In wani zai zauna a gidan, ka bar masa shi da kuɗin abincinsa da katin allurarsa. In za a rufe gidan, ka ba manomi ko makiyayin da ka yarda da shi kyauta, ba sayarwa ba.

Ita kuwa ƙaramar, kada a yi mata ƙaryar cewa yana nan tafe a baya. Ku je da ita ranar da za a miƙa shi, ta ga inda zai kwana, ta zuba masa ruwa da hannunta. In kun zauna a can kuka ga har yanzu tana kewa, ku samo mata mage, babu wanda ya yi saɓani a kan halaccinta.

Wallahu a'alam.