Amsa ga Yaya kan 'yan ƙungiyarmu ta gudu

Yaya, tambaya biyu ka cusa cikin ɗaya. Ta fili ita ce me ya sa ko na yi tafiya wayata ba ta rabuwa da saƙonnin 'yan ƙungiyar gudu. Wadda ka lulluɓe da dariya kuwa, ita ce ko mu da muka daɗe a Ingila mun canza dangi. Bari in fara da mai sauƙin.

Ƙungiyarmu ta nan Lidis ta haɗa masu gudu zalla da masu tirayatulon, wato ninƙaya da tseren keke da gudu a jere, babu zama a tsakani. A ma'aunin Olamfik ana iyo na kilomita 1.5, a hau keke a yi 40, a sauka a yi gudun 10. A Sidni aka fara sa shi cikin Olamfik a 2000, mutanen yankin nan kuma suka ɗauke shi da zafi saboda wa da ƙanen nan, Alistair da Jonny Brownlee, da suka ci zinare da tagulla a Landan a 2012. Mai shirin irin wannan gasa watanni yake yi yana bin jadawalin koci, kuma jadawali ba ruwansa da cewa ka tafi biki ko aiki ya kai ka wata ƙasa.

To, yadda muke yi ke nan. Akwai zaurenmu na WhatsApp, inda koci ke saka atisayen mako. Akwai kuma manhajar Strava: agogon hannuna ya ɗauki nisan da na yi da bugun zuciyata da hanyar da na bi, kafin in cire takalmi sun gani. In aka ji ni shiru kwana biyu, sai wani ya rubuto, lafiya kuwa? Idan zan fita da sassafe a garin da ban sani ba, nakan tura wa mutum ɗaya inda nake a taswira har in dawo masauki, don mai gudu shi kaɗai in ya faɗi babu wanda ya sani. Amma muna ɓoye wurin da muka fara gudu, saboda a 2018 taswirar wannan manhajar ta tona inda wasu sansanonin sojan Amurka suke, daga sawun sojojin da ke motsa jiki. Ranar Asabar kuma akwai parkrun, gudun kilomita 5 kyauta da aka fara a wani lambu a Landan a 2004. Da katin rajista ɗaya mutum zai yi shi a Afirka ta Kudu ko Ostireliya, a ga sakamakonsa a gida. Shi ya sa wanda ya yi tafiya yakan tambaya, wa ya san masu gudu a gari kaza? Da wuya a rasa mai haɗa ka da wani.

Yanzu ga wadda ta sosa min rai. Ka ce na bar 'yan'uwa na kama Turawa. Yaya, wa ya koya mana cigiya? Marigayi Baba ba ya tafiyar kwana uku sai ya bi maƙwabta ƙofa ƙofa ya yi sallama, har tsohuwar Baturiyar da ke kusa da mu, wadda ba ta taɓa iya faɗin sunansa daidai ba. Ya isa kuma sai ya nemi waya ya ce ya sauka lafiya. Kullum maganarsa zumunta a ƙafa take. Abin da na gani yana yi shi nake yi, sai dai tawa ƙafar tana da agogo. Ranar da aka yi masa salla, 'yan ƙungiyar nan sun zo sun tsaya a wajen masallaci cikin ruwan sama, hannuwa a harɗe, ba su san abin da ake faɗa ba, kuma ba su tafi ba sai da aka watse. Da azumi su suke tuna wa koci ya mayar min da atisaye bayan tarawihi. Irin waɗannan mutanen zan yi tafiya in yi musu shiru?

Na kuma san inda zancen ya dosa: auren ƙanwata. E, a ƙungiyar suka haɗu da mijin, Bature ne, Musulmi ne tun kafin ya san ta, kuma Kawu ne ya ɗaura auren da kansa. Har yau abin da ake tambayata shi ne ko ya iya Hausa. Ya iya gaisuwa, yana rusuna wa Inna fiye da wasu da aka haifa a cikin harshen. Ban ji wanda ya tambaya ko tana jin daɗin zama ba. Yaranmu Hausarsu da gargada, ban musa ba, amma in an kira su suna amsawa da na'am, ba sa kuma miƙa wa babba abu da hagu.

Ba gori nake yi ba, amma duba zauren danginmu. Sai mu yi wata ba a nemi lafiyarmu ba, ranar da aka tuna da mu kuwa an tashi karo-karo ne. Muna bayarwa da zuciya ɗaya, sai dai mu ma muna son a ce mana ya sanyi.

In Allah ya kai mu zuwana na gaba, ka nema min hanya mai kamar kilomita 10 wadda manyan motoci ba sa bi, kuma ka ba ni aron babban ɗanka ya riƙa bina a keke, don koci ya riga ya rubuta min doguwar fita a wannan makon.