Ɗakin Yayarka Bango Ɗaya Yake Buƙata

Jiya muna wanke burushi ka tambaye ni, na ce ka bari sai na zauna. Ka ce ɗakin kwanan yayarka ya dushe, ko da rana tsaka kamar magariba, kuɗin da ta ba ka ba su wuce na galan ɗaya na fenti ba, kuma kana so ka gyara mata shi da hannunka. Kana tunanin ko ka sayo takardar nan mai gam da ake mannawa ka rufe bangon gaba ɗaya. To saurara, ɗana.

Kada ka sayi komai tukuna. Je ka ɗakin da safe, ka buɗe taga, ka shafa tafin hannunka a bango. In hannun ya fito fari fat, farar ƙasa ce ko fenti mai arha da ya zama gari, kuma duk abin da ka ɗora a kai zai ɓare tare da shi. Sai ka kankare, ka goge da jiƙaƙƙen tsumma har hannu ya daina ɗaukowa. In bangon yana sheƙi, ɗigon ruwa yana gangarewa bai shiga ba, fentin mai ne, na ruwa ba zai kama shi haka nan ba.

Daga nan ka duba ƙasan bangon, daga daɓe zuwa gwiwa. Nan ne ciwon yawancin ɗakunanmu yake. In ka ga fenti ya kumbura, ko farin gari kamar kanwa yana fitowa, danshi ne. Ka yanko leda kamar faɗin faranti, ka manne gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta kwana biyu. In ka ɗaga ka ga raɓa a ƙarƙashinta, ruwa yana zuwa daga cikin bango: ko bayan gida ne a ɗaya gefen, ko indararo yana zuba a gindin ginin, ko kwata ta toshe. Wannan shi za ka fara gyarawa. Na taɓa yi wa wani ɗaki fenti a watan Agusta, mai gidan yana ta gaggawar biki, na ga alamar danshi na kau da kai. Kafin hunturu ya shigo fentin ya zube kamar ɓawon gyaɗa, na koma na sake da kuɗina. Shi ya sa ba na son takardar nan a ɗaki irin wannan. Tana rufe danshi ya rasa hanyar fita, baƙin naso ya taru a bayanta, zafin bazara kuma ya saki gam ɗin tun daga kusurwa.

Akwai abin da nake so ka riƙe da kyau game da tsohon fentin mai. Wasu daga cikinsu suna da dalma. Ka ji abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce. Saboda haka kada ka goge tsohon fentin mai da busasshiyar sanfefa ƙura ta tashi a ɗakin da yara ke kwana. Jiƙa ta, ka rufe hancinka, ka kwashe dattin ka fitar, yara da mai juna biyu kuma su bar ɗakin har ka gama.

Yanzu lissafin galan ɗinka. Ɗaki ƙafa 12 sau 12 ne, tsayinsa ƙafa 10. Bango ɗaya ya kama kamar murabba'in mita 11. Litar fentin ruwa mai kyau tana cin wajen mita 10 a shafa ɗaya idan bangon sumul yake. Shafa biyu ke nan kana buƙatar lita biyu da ɗoriya, galan kuwa lita 4 ne. Ka ga ya ishi bango ɗaya har da ragowar yin ado. In ka ce sai ka zagaye huɗun, dole ka tsinka shi da ruwa, ya fito shara-shara, tsohon datti yana leƙowa. Ruwan da za ka ƙara kada ya wuce kashi ɗaya cikin goma. Sauran bango ukun ka wanke su da ruwan omo kaɗan da soso, ka cike ramukan ƙusa da fila, wato kwaɓin nan da ake toshe ramin bango da shi. Za ka yi mamakin yadda rabin dushewar ashe ƙurar hunturu ce da hayaƙin maganin sauro.

Wane bango za ka zaɓa? Wanda kan gado yake jingine da shi, domin shi ido ke fara sauka a kai. Ka tambaye ta inda take fuskanta in za ta yi salla. Wannan bangon na gabas ka bar shi fili, kada zane ya ɗauke mata hankali. Launi kuma, tun da ɗakin duhu ne, ka nemi mai haske: ruwan madara, ruwan ƙasa mai sauƙi, ko shuɗi kamar sararin sama. In da kanka za ka haɗa kala a cikin fari, haɗa duka lokaci guda a bokiti ɗaya, don ba za ka sake samun daidai irinsa ba. Shafa a kwali ka jira ya bushe, ka kai ɗakin ka duba da rana da kuma ƙarƙashin ƙwan lantarki, saboda launi yana sauyawa.

Adon da ya fi sauƙi shi ne raba bango biyu: ƙasa mai ɗan duhu zuwa tsayin ƙugu ko ƙirji, sama mai haske. Yana ɓoye dattin hannun yara, yana kuma sa ɗaki ya zama kamar an yi tunani a kansa. Amma layin nan shi ne mutuncinka. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to shi ne zai fara kama ka in layin ya karkace. Kada ka auna daga daɓe, daɓenmu ba ya cika zama daidai. Ari tiyon ruwan da ake auna daidaito da shi wurin magina ka sa alama a kusurwa biyu, ka shafa wa igiya bula, ku ja ta ku biyu, ka ɗaga tsakiyarta ka saki, ta bar layi a bango. Manna tef ɗin takarda a kan layin, ka danne bakinsa da farce. Ga abin da ba kowa ke gaya maka ba: fara shafa launin da ke ƙarƙashin tef ɗin a bakinsa, ya toshe duk wata kafa, ya bushe, sannan ka kawo launi na biyu. Cire tef ɗin tun fenti bai gama ƙamewa ba, a hankali, kana ja gefe. Tsakanin shafa da shafa ka ba shi awa uku ko huɗu, taga a buɗe, amma ba ranar da iska ke kwaso ƙura ba.

In kana so ka nuna hannunka, ka yi zane. Mu ba baƙi ba ne a wannan sana'a. Ka shiga birnin Zariya ka ga fuskokin tsofaffin gidaje, ka ga abin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya bari a cikin tsohon Masallacin Juma'a tun shekarun 1830, da ƙasa da yatsun hannu. Ka shiga Gidan Makama nan Kano ka ɗaga kai. Magabatanmu da makuba ta ɓawon ɗorawa da katsin marina suke kare bango, da farar ƙasa da jar ƙasa suke ƙawata shi. Kai ma zana dagi a kwali mai kauri, ko tsohuwar takardar hoton ƙashi ta asibiti wadda ruwa ba ya lalata ta, ka huda da reza. Ɗora a bango, ka tsoma soso a fenti, ka matse shi a kwali har ya kusa bushewa, sannan ka riƙa dangwalawa. Soso mai jiƙe sharkaf shi ke sa fenti ya zurara ta ƙarƙashi. Jeri ɗaya a saman layin nan, tazara iri ɗaya da ka auna da ɗan kara, ya wadatar. Ko dagi babba guda a saman kan gado. Kada ka cika bangon. Wurin kwana ne, ido yana son inda zai huta.

Fayafai ma ado ne, kuma ƙila tana da su a ajiye tun na aurenta. Iyayenmu mata da jeren kwanuka da tasoshi suke cika bangon amarya, kai ka ɗauki kaɗan daga dabarar. Faifai biyar ko bakwai, manya da ƙanana masu launi, irin waɗanda ake samu a Kasuwar Kurmi. Jera su a ƙasa tukuna kana matsarwa har tsarin ya kwanta maka, sannan ka ɗauki hoto a waya ka mayar bango. Yi amfani da ƙananan ƙusoshin kankare, kuma kada ka buga ƙusa a saitin makunni ko soket, sama ko ƙasa, nan waya take bi. Madubi kuwa ka rataye shi a bangon da ke kallon taga, zai dawo da haske cikin ɗakin. In labulenta mai kauri ne baƙi, ka ba ta shawara ta sauya.

Ban tambaye ka ba ko ginin siminti ne ko na ƙasa. In na ƙasa ne, manta da fentin mai sam, yana hana bango shan iska sai ya ɓaɓɓako da yaɓen. Farar ƙasa za ka jiƙa ta kwana, ka tace, ka zuba ruwan ƙaro kaɗan don kada ta riƙa bin tufafi, ka yi shafa biyu marasa kauri. In kuma gidan haya ne, ta fara sanar da mai gida kafin ka buɗe galan.

Ranar Juma'a ba mu da aiki. Ɗauki ƙaramar rola da burushi mai inci biyu a shago, da tsohuwar tamfol ɗin nan don ka rufe gado. Manna ledar yau da yamma, jibi ka zo ka gaya mini abin da ka gani a ƙarƙashinta.